Yadda Ake Haɗa Amfilifaya a Gida da TDA2030A

Duk yaron da ya zo wurina koyon haɗa amfilifaya, tambayarsa ta farko ba ta wuce "Oga, wat nawa za ta bayar?" Ya saba ganin kwalaye a kasuwa an zana musu 2000W da manyan lambobi, alhali abin da ke ciki bai fi tafin hannu ba. To bari mu cire wannan daga rai tun yanzu. Wadda za mu haɗa wat 18 take bayarwa a kan sifika mai 4Ω (om huɗu), wajen wat 12 a kan mai 8Ω. Kada ka raina. Da sifika mai kyau a cikin akwati mai kyau, za ta cika falo ko shago ko ajin Islamiyya har maƙwabci ya leƙo.

Na zaɓi TDA2030A, wato IC ko ƙaramin gunki mai ninka ƙarfin sauti, don ƙafafunsa biyar ne kacal, ba shi da tsada, kuma yana da kariyar kansa idan ya yi zafi fiye da kima. Kayan da ke kewaye da shi ba su kai ashirin ba, a zama ɗaya za ka gama liƙa su. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya na ga wanda wannan ɓangaren ya kayar. Wuta ce ke kayar da mutane, sai zafi, sai ɗokin jona sifika kafin a auna komai. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Kayan aiki

Ayon na liƙin dalma mai wat 30 zuwa 40, dalma siririya mai ƙaro a ciki, mita mai lambobi, kata, filaya mai dogon baki, sukuddireba, da abin zuƙe dalma idan ka samu. Mita dole ce. Wanda ba shi da ita ya ara ko ya dakata, domin haɗa amfilifaya ba mita tafiya ce cikin dare ba tocila.

Kayan haɗi, na layin sauti ɗaya

- IC TDA2030A guda ɗaya. Sayi biyu, za ka gode mini.
- Rezista: 22k guda biyu (ja, ja, ruwan lemo), 680Ω ɗaya (shuɗi, toka-toka, ruwan ƙasa), 1Ω mai wat 1 ɗaya, 1k biyu, 2.2k biyu.
- Kafasita masu fozitib da negatib: 4700µF 25V biyu, 100µF 25V biyu, 22µF ɗaya.
- Kafasita marasa ɓangare: mai lamba 104 biyu, mai 224 ɗaya, mai 105 ɗaya.
- Dayod: 1N5408 huɗu, 1N4007 biyu.
- Boliyom 50k, wanda aka rubuta A50K ya fi.
- Taransfoma 12-0-12 mai amfiya 3, fis 1A da gidansa, makunni, da wayar wuta mai fulogi.
- Allon bero mai ɗigo-ɗigo (allon da ake liƙa kayan a kai), hitsink (ƙarfen alminiyon da ke shanye zafin IC), maika (siririn fefe mai hana wuta wucewa) da wosharta ta roba, farin man hitsink, wayar sauti mai raga, da waya mai kauri ta sifika.

A Kano ana samun waɗannan a wajen masu kayan rediyo na Sabon Gari, a Legas kuwa Alaba ce matattararsu. Amma kafin ka kashe kuɗi, nemi mataccen hom tiyata, irin mai wufa (babbar sifika mai kaurin murya) ɗaya da ƙananan sifiku biyu. Da yawansu TDA2030A ne a ciki, kuma za ka tarar da taransfoma mai waya uku, hitsink da boliyom duk a wuri ɗaya. Sau da yawa IC tsohon da aka cire daga irin wannan ya fi sabon kanti aminci, domin jabu sun yi yawa. Alamar jabu ita ce rubutun da ke gogewa da yatsa, da ƙarfen baya siriri mara nauyi.

Ka kula da harafin A ɗin da ke ƙarshen sunan. TDA2030 mara A iyakarsa 18V kowane ɓangare, mai A kuwa yana ɗaukar har 22V. Taransfomarmu za ta ba da 16V zuwa 17V, ranar da nefa ta kawo wuta da ƙarfi kuma ta haura. Mara A yana bakin rami ke nan. Idan ba ka samu ba, LM1875 da TDA2050 ƙafafunsu iri ɗaya ne da nasa, suna shiga gurbinsa ba tare da an canja komai ba.

1. Tantance taransfoma

Kada ka yarda da launin waya. Sa mita a ma'aunin om. Wayoyi biyun da suka nuna om masu yawa, gomomi ko fiye, su ne na shiga wutar nefa. Ukun da suka nuna kusan sifili a tsakaninsu su ne na fita, ta tsakiya ita ce 0. Ɗauki wayar nefa mai rai ka bi da ita ta fis, daga fis zuwa makunni, daga makunni zuwa taransfoma. Rufe kowane haɗi da roba mai tsukewa da zafi ko tef, kada ka bar ko ɗigon ƙarfe a waje. Wannan ɓangaren 230V ne, kisa yake yi, ba jan kunne ba. Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki, zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba.

Kunna, mai da mita ma'aunin AC, auna daga waya ta tsakiya zuwa kowace ta gefe. Ka ga 12V zuwa 13V a duka biyun. Idan ɗaya ta fi ɗaya sosai, ka rikita ta tsakiyar.

2. Haɗa sashen wuta shi kaɗai

IC ɗin nan wuta biyu yake ci: fozitib, negatib, da layin sifili a tsakaninsu, wanda masu gyara ke kira giraun. Sifika tana turawa gaba ta ja baya, shi ya sa ake son wuta ta sama da ta ƙasan sifili.

Kowane dayod yana da zobe fari a kai ɗaya. Ɗauki 1N5408 biyu ka haɗa kawunansu masu zobe wuri ɗaya, nan ne fozitib. Ɗauki sauran biyun ka haɗa kawunansu marasa zobe, nan ne negatib. Yanzu kana da ƙafafu huɗu a sake. Haɗa mara zobe ɗaya daga rukunin farko da mai zobe ɗaya daga na biyu, ka liƙa musu wayar 12 ta farko. Sauran biyun ma haka, da wayar 12 ta biyu. Wayar tsakiya ba ta taɓa dayod ko ɗaya, ita ce giraun. Idan ka samu dayod ɗin gada haɗaɗɗe mai ƙafa huɗu, ya rage maka aiki: inda aka zana alamar igiya wayoyin 12 ke shiga, + da − kuma a rubuce suke.

Sai manyan kafasitoci. Ta farko, doguwar ƙafarta a fozitib, ƙafar da ke gefen ratsin fari a giraun. Ta biyu ita ce ke ruɗa sabon hannu: doguwar ƙafarta a giraun take zama, mai ratsin ta tafi negatib. Mutum ya saba cewa ratsi kullum giraun yake zuwa, sai ya juya ta. Kafasita 4700µF da aka juya takan kumbura ta fashe da ƙara kamar nakiya, ta watsa maka takarda da ruwa mai wari a fuska. Duba sau biyu, kuma a kunnawar farko kau da kai.

Ɗora rezista 2.2k a kan kowace babbar kafasita, ƙafa da ƙafa. Aikinta ta tsiyaye wutar da ta rage bayan an kashe. Kunna ka auna a ma'aunin DC, baƙar wayar mita a giraun. Ka ga kimanin +17V da −17V. Sha biyun ta zama sha bakwai ne saboda kafasita tana cika har ƙololuwar igiyar wuta, wato 12 sau 1.4. Idan ba ka ga lambobin nan biyu sun yi kusa da juna ba, kada ka wuce wannan mataki.

3. Gane ƙafafun IC ka ɗaura shi a hitsink

Riƙe shi rubutu na kallonka, ƙafafu suna ƙasa. Daga hagu: ƙafa ta 1 mashigar sauti, ta 2 ta maido da sauti baya don daidaitawa, ta 3 negatib, ta 4 mafita zuwa sifika, ta 5 fozitib. Tazararsu ba ta dace da ramukan bero ba, sai ka buɗa su kaɗan da filaya. Riƙe gindin ƙafar da filaya sannan ka lanƙwasa, in ba haka ba ta karye daga jikin baƙar robar.

Ga abin da ya ci mini IC na farko. Ƙarfen bayansa a haɗe yake da ƙafa ta 3, ma'ana yana ɗauke da −17V. Na ɗaure shi kai tsaye a jikin akwatin ƙarfe da na riga na jona da giraun, ina kunnawa fis ya tashi, na sa wani ya sake tashi, na yi abin da bai kamata ba na naɗa waya a gurbinsa, sai hayaƙi. Tsarin da ya dace: shafa man hitsink siriri, ɗora maika, ƙara shafa mai, ɗora IC, sa woshar roba a ramin, sannan sukuru da noti. Sa mita a ma'aunin da ke ƙara idan wurare biyu sun haɗu, auna tsakanin bayan IC da hitsink, kada ta yi ƙara. Idan babu maika, ɗaure shi kai tsaye amma ka tabbata hitsink ɗin a kan katako ko roba yake, ba ya taɓa komai.

Girman hitsink kuwa, kada ka yi rowa. Wanda ake cirewa daga kan furosesar tsohuwar kwamfutar tebur ya yi daidai. Idan babu, guntun alminiyon taga mai kauri, kamar tsawon taƙi, zai yi. Ka tuna zafin watan Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, iskar ɗakin kanta ta kusa 40. Hitsink da ya isa a lokacin hunturu ba lalle ya isa a bazara ba.

4. Liƙa kayan da ke kewaye da IC

Sa IC a bakin allo yadda hitsink zai zauna a waje. Goge bakin ayon, ɗora shi a kan ƙafa da tagullar allo tare, sannan ka kawo dalma. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa. Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana hawa ƙafar kamar ƙaramin tsauni. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai kama ba. Bi wannan jeri, kana yi kana sa alama a takarda:

- Rezista 22k daga ƙafa ta 1 zuwa giraun.
- Kafasita 105 daga ƙafa ta 1 zuwa inda sauti zai shigo.
- Rezista 22k ta biyu daga ƙafa ta 4 zuwa ta 2, a gajarce iya yadda za ka iya.
- Rezista 680Ω daga ƙafa ta 2 zuwa doguwar ƙafar 22µF, ɗaya ƙafar kafasitar a giraun.
- Rezista 1Ω daga ƙafa ta 4 zuwa kafasita 224, ɗaya ƙafar a giraun.
- Daga ƙafa ta 5 zuwa giraun, 100µF da 104, doguwar ƙafar 100µF a ƙafa ta 5. Daga ƙafa ta 3 zuwa giraun, wasu biyun, amma a nan, kamar babbar kafasita ta biyu, doguwar ƙafar 100µF ce ke giraun.
- Dayod 1N4007 ɗaya, zobensa a ƙafa ta 5, ɗaya kan a ta 4. Na biyu, zobensa a ƙafa ta 4, ɗaya kan a ta 3.

Rezistoci biyun nan, 22k da 680Ω, su ke yanke yawan ninkin sauti. Raba 22,000 da 680 ka ƙara ɗaya, ka samu kimanin 33. Sautin waya ko MP3 za a ninka sau 33 ke nan, kuma ya wadatar. Kada ka rage ninkin ƙasa da 16 ko makamancin haka, domin IC ɗin yakan rikice ya kama kaɗawa shi kaɗai.

Akwai masu tsallake 1Ω da 224, su ce ai tana magana ba su. Tana magana, amma takan shiga wani kuka mai tsini da kunne ba ya ji, IC ya yi ta ƙuna ba waƙa ba komai. Haka su ma 104 ɗin nan biyu: a jikin ƙafafun IC ake manna su. Idan ka kai su can nesa, kamar ba ka sa ba ne.

5. Tara giraun wuri ɗaya

Mafi yawan gurnanin da ake ji a amfilifayar gida daga nan yake. Zaɓi wuri ɗaya, kusa da inda manyan kafasitoci biyu suka haɗu, ka mai da shi mahaɗa. Daga nan waya ɗaya mai kauri ta tafi baƙin bakin sifika. Wata ta tafi giraun na 100µF, 104 da 224. Wata siririya daban ta tafi giraun na 22k, 22µF da boliyom. Kada ka jera su a waya ɗaya kamar carbi. Wutar da ke dawowa daga sifika tana da ƙarfi, idan ta bi hanya ɗaya da ƙaramin sautin da ke shigowa, IC zai ninka ta ita ma sau 33.

6. Boliyom da mashigar sauti

Boliyom na kallonka ƙafafu a ƙasa, ta hagu giraun, ta tsakiya ta tafi kafasita 105, ta dama ta karɓi sauti. Idan ka gama ka ga murya na raguwa in ka murɗa dama, musanya na gefen biyu. Yi amfani da waya mai raga, ragar a giraun, kuma ka nisanta ta da taransfoma.

Wayar salula tana fitar da hagu da dama, mu kuma layi ɗaya muke da shi. Kada ka murɗe su tare kai tsaye. Sa 1k a kan kowanne, sannan ka haɗa ɗaya kawunan rezistocin su shiga boliyom. Mai son makirufo, don kiran salla ko karatu, ya sani cewa sautinta ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai an sa ƙaramin allon firi'am, mai fara ɗaga sautin, tsakaninta da amfilifaya. Allon Bluetooth kuwa ka duba ko mai 5V ne ko mai 12V, ka ba shi wutarsa ta IC mai rage wuta, 7805 ko 7812. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan 17V.

7. Gwaji, kuma har yanzu ba sifika

Ɗaga allon ga haske ka bi layi-layi, musamman tsakanin ƙafafun IC, inda gashin dalma ke haɗa biyu ba ka gani ba. Auna om tsakanin fozitib da giraun, negatib da giraun, da ƙafa ta 4 da kowannensu. Mita za ta iya yin ɗan ƙara ta yi shiru saboda kafasita na cika. Idan ƙarar ta ɗore, akwai haɗuwa.

Nemi kwan fitila irin na da mai zare a ciki, 40W ko 60W, ka sa shi a jere da wayar nefa mai rai kafin taransfoma. Kwan LED ko mai tsimin wuta ba ya wannan aiki. In komai lafiya, kwan zai haska sau ɗaya ya dushe. In ya tsaya da haske, kashe, akwai matsala, kuma kwan ya shanye wutar da za ta ƙona maka kaya. Irin kwan nan ya fara wuya yanzu. Madadinsa shi ne rezista 10Ω a kan layin fozitib, wata a kan negatib, na ɗan lokaci. IC mai lafiya yana jan wajen miliamfiya 50 a zaune, don haka za ka auna kusan rabin bolt a kan kowace. Idan ka ga bolt uku ko biyar, ko ta fara wari, kashe.

Boliyom a ƙasa, auna ƙafa ta 5 da ta 3, ka ga wutarka biyu. Sannan ƙafa ta 4, wadda ita ce gwajin gaske: ta nuna kusan sifili, ƙasa da 0.1V. Idan ta nuna 15V ko −15V, IC ya mutu ko 22k ta tsakanin 4 da 2 ba ta kama ba. Na taɓa ƙona sifikar yayana da na ara ba da saninsa ba a daidai wannan gaɓar. Takardar ta turo waje sau ɗaya ta tsaya, kafin in kai hannu ga makunni wari ya tashi. Wata biyu ina biya.

Bar ta minti biyar kana taɓa hitsink. Ɗumi kaɗan daidai ne. Zafin da ba ka iya riƙewa alhali ba ta aikin komai, koma kan 224, 1Ω da 104.

8. Jona sifika, sa a akwati

Fara da tsohuwar sifika da ba za ka yi kukanta ba. Ɗaga boliyom kaɗan ka taɓa ƙafarsa ta dama da yatsa, ka ji "buuu". Ta yi ke nan. Cire kwan ko rezistocin gwaji, sa waƙa ko karatu.

Kada sifika ta gaza 4Ω. A mita, mai 4Ω takan nuna uku da ɗoriya, mai 8Ω shida zuwa bakwai. Biyu masu 4Ω da aka haɗa baki da baki sun zama 2Ω, sun fi ƙarfin IC ɗin. Biyu masu 8Ω a haka sun zama 4Ω, babu laifi. Kuma in ka ji murya ta fara tsagewa, ka kai iyaka, rage. Tsagewar nan takan kashe tuwita, wato ƙaramar sifika mai siririyar murya.

Akwatin katako ya fi sauƙi ga mai farawa. Huda ramuka a ƙasan hitsink da samansa don iska ta ratsa, taransfoma a kusurwa ɗaya, boliyom a ɗaya kusurwar. Ƙulla wayar nefa daga ciki yadda ko an fizge ta ba za ta tsinke daga liƙinta ba. Idan na ƙarfe ne, dole ka sa fulogi mai baki uku ka ɗaure wayar at, wato wayar baki na uku mai kai wuta ƙasa, a jikinsa. Bayan kowane hunturu buɗe ka hure ƙurar da ta toshe hitsink.

Idan ta ƙi, da idan babu nefa

Gurnanin da ba ya canjawa ko ka murɗa boliyom, daga giraun ne ko babbar kafasita da ta bushe, abin da ya zama ruwan dare a kayan da aka ciro daga tsohon inji. Wanda ke ƙaruwa da boliyom, wayar shiga ce, ko cajar da ke jone da salularka. Zare cajar ka ji. Idan tana yi tana ɗaukewa bayan minti goma, zafi ne, ƙara hitsink ko sa ƙaramar fanka. Idan da rana lafiya, da magariba murya ta shaƙe, ba laifinta ba ne, wutar unguwa ce ta yi ƙasa, auna ka gani.

Mai son layi biyu, hagu da dama, ya maimaita mataki na 3 da na 4 da IC na biyu, ya sa boliyom mai ƙafa shida, ya cire rezistocin 1k, ya nemi taransfoma mai amfiya 5 da dayod ɗin gada da ya fi ƙarfinta.

Wanda ke zaune inda wuta ba ta zuwa zai iya jera batir biyu masu 12V, fozitib na ɗaya a negatib na ɗayan. Mahaɗarsu ita ce giraun, sauran kawuna biyun su ne fozitib da negatib, kowanne da fis 3A. Ba ka buƙatar taransfoma da dayod huɗun, kuma za ka samu wajen wat 10, ba gurnani ko kaɗan. Amma idan batir ɗaya gare ka, na sola ko na mota, kada ka wahalar da kanka da TDA2030A, abin da zai ba ka bai taka kara ya karya ba. Nemi TDA7377, wanda don rediyon mota aka yi shi, 12V ɗaya yake ci.